Likkafanin Kaka da Jirgi Mai Hawa Biyu

Kwanakin baya wani saurayi ya zo gonar maƙwabcina da wani abu a cikin jakar goyo. Ya fito da shi ya ajiye a kan kunya, ya latsa wayarsa, sai ga abin ya tashi sama yana kuka kamar ƙudan zuma. Wai jirgi ne marar matuƙi, feshin shinkafa yake yi. Ni na saki baki ina kallo har wuyana ya ƙage, amma yaran da ke wanka a kanal ko ɗaga kai ba su yi ba. Abin ya ba ni haushi, ban kuma san dalili ba. Sai da na dawo gida na zauna, sannan na gane ba haushin yaran nake ji ba. Kewar kakana ce ta taso mini, shi da jirginsa, da wata kunya da na sha wadda har yau in na tuna sai na sosa ƙeya.

A wancan zamanin ruwan madatsar Tiga ya yi 'yan shekaru da iso mu nan tsakanin Kura da Bunkure, amma bai kai ga zama abin raini ba. Tsofaffin da suka ƙare ƙuruciyarsu suna jan jigo a bakin rafi har kafaɗunsu suka karkace, sukan tsaya a kan gada su zuba wa kanal ido, su girgiza kai, su ce yaran yanzu ba su san noma ba, ruwa ne ke bin su har gona yana roƙo. Mu kuwa a ganinmu wahala muke sha. Da sassafe ba ka jin komai sai ƙarar tiyo, wato bututun da muke zuƙo ruwa da shi daga ƙaramin kanal zuwa cikin fangali. Ka nutsa shi, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka fizgo ka kwantar. In ka iya ruwa ya biyo, in ba ka iya ba ya yi maka gyatsa ya tsaya, a yi ta yi maka dariya. A shekarun nan ne aka ce an hana shigo da alkama daga waje, burodi ya zama sai wane da wane, kowa ya bazama nomanta, har da waɗanda ba su taɓa ganin ta ba sai a cikin alkaki. Da ta fara nuna kuma sai jan baki ya ce shi aka noma wa. Tsuntsun nan bai cika tafin hannu ba, amma in garkensa ya taso sai ka rantse hadari ne ya haɗo. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta gwangwanaye ake girgizawa a jikin igiya, ga majajjawa, ga ihu, har muryar kowa a garin ta dushe, ladan ma da ƙyar ake jin sa. Yanzu kukan injinan casar shinkafa da na babura ya danne komai, in ka ce wa yaro ya je korar tsuntsu sai ya tambaye ka ko akwai wurin cajin waya a can.

Kakana na wajen uba shi ne wanda gari ke kira Malam Mai Hayaƙi. A lokacin ƙarfinsa ya ƙare, yanar ido ta rufe masa ɗaya tana lallaɓa ɗayan, don haka ba ya zuwa gona. Aikinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa fashi ba: in an yi la'asar ya ɗauki buzunsa da sandarsa ya tafi gindin tsamiyar bakin gada, inda dattawa ke majalisa, ya ba da labarin jirgin wasiƙa. Ya ce yana saurayi, tun kafin yaƙin Turawa na biyu, ya yi ƙwadago a filin jirgi na Kano. Filin ma a lokacin daji ne da aka sassabe, su ne masu tumɓuke kututture, su fasa suri, su kori jakuna da awaki. Jirgin kan taso daga Kartum, ya biyo ta Fallomi a ƙasar Chadi da Yerwa, ya iso da jakunkunan wasiƙu a ɗaure, an danne bakinsu da dalma. Jirgin bai damu da ɗaukar mutane ba, in ji Kaka, takarda ce uwargijiyarsa. Shi Kaka shi ke hura wuta ya zuba ɗanyen ganye, don matuƙin ya ga inda hayaƙi ya nufa ya san ta ina iska take, sannan su shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa ya san inda zai sauka. Daga nan sunan ya bi shi. Yakan faɗi yadda ake tace fetur daga garwa ta cikin wata lallausar fata, da yadda ake murɗa farfela da hannu mutum ya yi tsalle baya kafin ta raba shi da kansa. Duk wannan mutane na haɗiyewa da goro. Inda ake samun matsala shi ne in ya zo kan siffar jirgin.

"Fiffikensa hawa biyu ne," yakan ce, yana ɗora tafi a kan tafi da 'yar rata a tsakani. "Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kamar gidan bene. Tsakaninsu sanduna ne da wayoyi. Jikinsa kuwa katako ne da zane, an shafe shi da fenti. Na taɓa shi da hannun nan, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga."

Mu jirgin da muka sani shi ne na alhazai, wanda ke wucewa can ƙololuwa yana jan farin zare. Babu wanda ya yarda da maganar bene da zane, amma babu wanda ya taɓa faɗa. Haka zaman yake a da. Tsoho na da haƙƙin labarinsa kamar yadda yake da haƙƙin inuwarsa, ka saurara, ka ce ikon Allah, ka wuce.

Ni ne na ɓata wannan tsari. Na gama kwalejin horon malamai ke nan, an ba ni aji a firamaren garinmu, ina yawo da biro biyu a aljihun gaba, ina jin duk wani ilimi da aka saukar duniya ya biyo ta kaina. Tsakanina da Kaka akwai wasan jika da kaka, yana ce mini Ticha ko ɓarawon matarsa, ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ba wanda ke fushi. Amma wasa na da wurinsa. Ran nan sabon malamin gona ya zo majalisar don ya sanar cewa za a turo jirgi ya yi wa jan baki feshi a makwancinsa. Kaka na jin an ambaci jirgi ya gyara zama ya ɗauko daga Kartum. Ni kuma kunya ta kama ni a gaban baƙo ɗan boko irina, ina so ya san ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Da Kaka ya ɗora tafi a kan tafi, sai na ce, "Haba Kaka, ko tsuntsu da Allah Ya halitta hawa ɗaya aka ba shi. Mun karanta kimiyya, jirgin zane ai iska ce za ta yi masa fata-fata. Anya ba ƙwaron nan mazari ka gani ba, rana ta buge ka?"

Majalisa ta fashe. Tanko mai facin keke, wanda dama dariya ba ta yi masa wuya, har da faɗowa daga benci, yana ta maimaita, "Direban mazari! Wallahi direban mazari!" Malamin gona ya rufe baki da hankici. Ni kuma, maimakon in tsaya nan, sai na ƙara da cewa tatsuniya da rana ba kyau. Kaka ya miƙe. Ya lalubi sandarsa, ya naɗe buzunsa, ya yi sallama kamar kullum, ya tafi.

Washegari bai fito ba. Jibi ma haka. Kafin mako ya zagayo yara sun ɗauki sunan, in sun hango shi a ƙofar gida sai su buɗe hannuwa suna zuuu. Ya daina zama a ƙofar gidan ma, ya koma zaure. In na gaishe shi yakan amsa da "Lafiya lau, Malam," ba Ticha, ba ɓarawon mata. Wannan Malam ɗin ya fi mari zafi. Kakata Inna Yalwa ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Kai, mutumin nan gona ta fi ƙarfinsa, ido ya tafi, abokansa duk suna ƙasa. Abu ɗaya ya rage masa da mutane ke taruwa su ji, shi ne ka je ka ƙwace. To ka ji daɗi." Na so in ba shi haƙuri, amma na san abin da zai biya shi ba haƙuri ba ne a zaure, mu biyu. A gaban mutane na mai da shi maƙaryaci, ni kuma har ga Allah a lokacin ban yarda akwai jirgin ba, balle in je in janye. Haka muka yi kusan wata guda, tsoho na ramewa ina kallo.

Wata ranar Laraba bayan la'asar na shiga zaure zan wuce cikin gida, sai na tarar da shi tsaye, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya. Can nesa ta wajen Bunkure akwai wani kuka, ba irin shuuu na jirgin alhazai ba, wani gur-gur-gur ne mai kauri kamar injin niƙa ya sami mura. Yakan matso ya koma, ya matso ya koma.

"Ticha," ya ce. Daɗi ya rufe ni, wata guda ban ji sunan ba. "Ka ji shi? Shi ne. Yana neman fili, ba wanda ya yi masa hayaƙi. Ɗauko ashana. Shiga ɗakin kakarka, cikin adaka, ka ɗauko mini farin ƙyallen nan."

Farin ƙyalle ɗaya ne a cikin adakar Inna Yalwa, kuma kowa a gidan ya san shi. Likkafanin Kaka ne. Yanzu sai mutum ya mutu ake aika yaro kasuwa a guje, amma a da dattijon kirki da kansa yake tanadin nasa, ya riƙa fito da shi lokaci-lokaci yana shanyawa. Na Kaka kuwa ba na wasa ba ne, ƙaninsa ne ya kawo masa daga Makka, an tsoma shi a zamzam, an naɗe da turare. Na ce, "Kaka, likkafaninka fa?" Ya ce, "Naka na ce ka ɗauko?" Da a ce wata rana ce da na tsaya gardama. Ran nan ko cewa ya yi in ɗauko rufin ɗakin, da na hau na kwance.

Na shiga na buɗe adaka na sunkuto shi. Inna Yalwa na bayan gida tana alwala, ta fito daidai ina tsallake dokin ƙofa da farin abu a hammata. Kafin ta sa takalmi na ɗora Kaka a bayan kekena mun bi hanyar kanal. Ta fito ƙofar gida, hannu biyu a ka, tana kururuwa, "Wayyo Allah, Malam! Wayyo likkafanin Malam! Sun tafi da shi!" Abin da ya biyo baya daga baya aka ba ni labari. Maƙwabta sun san tsohon ya yi wata guda ba ya fita, sun san ya rame. Ga matarsa na ihu tana ambaton likkafani. Wa zai tsaya tambaya? Mata suka ɗauki salati gida-gida. Liman ya fito da butarsa, aka tura matasa masallaci su ɗauko makara, wasu suka saɓi diga da shebur. Da Liman ya ce, "Inna, sai haƙuri, yana ina?" numfashinta ya ƙare, sai ta nuna hanyar kanal da hannu ta ce, "Gona!" Sai aka ce Allahu akbar, ashe a gona ajali ya same shi, bawan Allah. Gari guda ya ɗunguma, makara a gaba, Tanko mai faci na riƙe da ƙafa ɗaya ta makarar yana kuka da majina, yana roƙon Kaka ya yafe masa maganar mazari.

Mu kuwa muna masussukar da aka share aka daɓe don alkama, Kaka ya koma ɗan shekara ashirin. Ya ɗebi ƙasa ya watsa sama, ya ce in gaya masa inda ta nufa, ya sa na hura wutar a can gefen da iska ba za ta kai ta cikin alkamar mutane ba. Na tara karmami da busasshen kashin shanun Fulanin da ke mashekari kusa, na karyo ɗanyen ganyen darbejiya na danna a kai. Hayaƙi ya tashi fari tas, ya kwanta yamma. Sannan ya ce in yaga likkafanin gida biyu. Na ce, "Kaka, na Makka ne fa." Ya ce, "Dama yagawa za ku yi ranar, na hutar da ku." Na yaga. Ya sa na shimfiɗa dogon a miƙe, gajeren a gicciye a kansa, kamar mutum ya kwanta ya buɗe hannuwa, muka danne gefuna da hoge.

Muna cikin haka na ji salati na matsowa. Na waiwaya, sai ga makara ta ɓullo ta bayan gada, ga Liman, ga gari. Suna isowa suka yi cirko-cirko. Mamacin na tsaye, ya tattare riga, yana daka mini tsawa in ƙara ganye. Liman ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa ya ce, "Malam, kai ne?" Kaka ya ce, "Wa kuke nema? Ku matsa daga kan fili, ku kori yaran nan, jirgi zai sauka!" Na ga wasu na kallon juna, alamar gara mutuwar da wannan, tsoho ya zautu. Ni kaina na fara tunanin inda zan sa fuskata gobe a gaban 'yan aji.

Sai kukan ya canja. Ya daina kai da komo, ya miƙo mu sak. Ta saman itatuwan bakin kanal ya ɓullo, ƙasa-ƙasa har kana ganin tayoyinsa, rawaya kamar ɗorawa. Fiffike a sama, fiffike a ƙasa. Sanduna a tsakani, da wayoyi a gicciye. Har kan matuƙin muna gani yana leƙowa. Masu makara suka sake ta, ta faɗi a kan ƙafar Tanko, Tanko ya yi ihu ya faɗa kanal. Mata suka watse cikin alkama, Liman ya durƙusa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, rawaninsa ya warware ya bi iska. Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Kaka ya yar da sanda, ya haɗe ƙafafu, ya ƙame, ya sara wa jirgin kamar soja. Jirgin ya kewaye hayaƙinmu sau biyu, ya karkata fuka-fukansa dama da hagu, sannan ya ɗaga ya nufi wajen Kura. Malamin gona ya ce mana daga baya jirgin feshin ne ya zo duba makwancin jan baki, matuƙin ya ga hayaƙi da alama a ƙasa ya zo ya ga ko lafiya.

Da ƙarar ta lafa, mutane suka fara fitowa daga cikin alkama suna kakkaɓe jiki. Kaka ya sauke hannu ya ce, "Ticha, zo nan. Ka san idona ba ya gani. Hawa nawa ne?"

Na ce a hankali, "Biyu ne, Kaka."

"Kunnen ma ya tsufa. Me ka ce?"

Mutumin da ya jiyo jirgi tun daga Bunkure! Na ɗaga murya na ce, "Hawa biyu ne!"

"Liman bai ji ba. Na cikin ruwa ma bai ji ba. Mazari ne?"

Na juya na fuskanci garinmu kaf, da iyayen 'yan ajina, da yarinyar da nake nema a lokacin, na buɗe maƙogwaro na ce, "Jama'a, ba mazari ba ne! Jirgi ne, fiffikensa hawa biyu, ɗaya a kan ɗaya! Kakana gaskiya ya faɗa, ni ne ban sani ba!" Daga cikin kanal Tanko ya ɗago kai ya ce, "Wallahi ni uku ma na gani!"

Wani ya yi ƙarfin hali ya tambaya me ya sa bai sauka ba. Kaka ya ce, "Ya sauka ya ba wa? Duk garin nan wa zai rubuto muku wasiƙa?" Da malamin gona ya yi masa bayani cewa wannan na feshi ne, ba na wasiƙa ba, sai ya ce ya sani, jikan wancan ne, kuma kowa da irin jikan da Allah Ya haɗa shi da shi. Inna Yalwa ta iso tana haki, ta tattara likkafani duk toka da sawun awaki, ta yi kwana uku ba ta yi mana magana ba, ni da Kaka. A kan makarar nan aka so a mai da shi gida don ya gaji, ya ce su bari sai sun fi shi bukata, ya hau bayan kekena.

Washegari tun kafin a sallame la'asar buzunsa na gindin tsamiya. Aka cika fal, har da waɗanda ba su taɓa zama ba. Na zauna kusa da ƙafarsa, raina fari, ina jin na sauke dutse. Ya ɗauko daga Kartum kamar kullum, ya biyo ta Fallomi. Sai na ji labarin ya yi wata kwana da ban san da ita ba. Wai wata rana Baturen da ke tuƙa jirgin ya ce masa, Mai Hayaƙi, shigo mu je Yerwa. Suna sama barci ya kama Bature, sai ya ce masa ya riƙe masa tuƙin. Duk ido a majalisa ya dawo kaina. Kaka ya lalubo kafaɗata ya dafa.

Shekara uku ya ƙara a duniya, kuma a cikinsu ba ranar da tafiyar nan ba ta ƙara nisa ba. Kafin ya rasu ya kai Kartum da kansa, ya sauka a bakin kogi, ya ci kifi ya dawo. Ni mai tsayawa gaban yara da safe ina koya musu illar ƙarya, ni ne shaidarsa da yamma, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba. Ina ƙaunar tsohon nan, ban kuma san yawan ƙaunar ba sai a watan da ya yi yana ce mini Malam. Duk inda ya kai a labarin, sai ya tsaya ya matsa kafaɗata ya ce, "Ticha, kai ka yi karatu. Haka aka yi ko ba haka aka yi ba?"

Ni kuwa in gyara biro a aljihu, in dubi jama'a ido cikin ido, in ce, "Haka aka yi, Kaka. Kamar a gabana."